Kafin mu ci gaba da gardamar rufe teku, a fara duba idon raga

Ranar Talata masunta ba sa fita teku a nan Ankara. Tsohuwar al'ada ce ta Ankarawa, kuma haka abin yake a yawancin garuruwan bakin teku har zuwa ƙasar Fanti. Wanda ya sauka Chorkor ko Jamestown a wannan rana zai tarar an ja kwale-kwale kan yashi, an shimfiɗa raguna kamar ana shanyar hatsi, maza na zaune ƙafa a miƙe, kowa ya maƙale raga a babban yatsan ƙafarsa, allurar ɗinki na shiga tana fita. Baƙo zai ɗauka hira suke yi. Gaskiya ana hirar, amma aikin da ake yi a wannan rana shi ke yanke abin da za a kamo daga Laraba zuwa Litinin.

Ni ɗan Maamobi ne, malamin makaranta, kuma a gidanmu babu wanda ya gaji su. Na koyi kamun kifi da fatsa ne lokacin da nake kwalejin horar da malamai a Komenda, inda teku ke bayan makaranta, kana aji kana jin rugugin ruwa. Da yamma nakan sauka wajen duwatsu in tsaya kallon wani dattijo da ya daina fita da kwale-kwale saboda gwiwa, ya koma jefa ƙugiya daga bakin gaɓa. Ina ce masa Egya, wato baba da yarensu, shi kuma yana ce mini Ticha tun ban fara koyar da kowa ba. Sai da na yi kusan wata guda ina binsa kafin ya bar ni na jefa zare. Duk wannan lokaci aikina wanke kaya ne.

Ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Ƙugiyar da ka yi aiki da ita yau, idan ka jefa ta cikin gwangwani da danshinta, kafin mako ya zagayo ta yi ja, bakinta ya dakushe, kuma tsatsar za ta kama sauran da ke kusa da ita. Don haka da an dawo sai a ɗauraye komai da ruwan famfo, ƙugiya da dalma da abin naɗe zare, a shanya a inuwa, a ɗan shafa mai. A inuwa fa, domin rana na cin zaren roba a hankali, yana nan kamar lafiya lau, sai ranar da babban kifi ya ja shi ya tsinke kamar zaren ɗinki. Egya yakan sa in bi zaren da yatsu biyu daga ƙarshe zuwa sama, ido a rufe. Duk inda na ji kaushi, wurin ya gogi dutse, sai a yanke daga nan a sake ƙulli. Ƙugiya kuma a kan farce ake gwada ta: idan ta zame, a wasa ta ko a jefar, idan ta kama, ta yi. Dalma idan ta yi tsada, tsohon fulogin mota ma yana nitsar da zare, kuma idan ya maƙale a dutse ba ka yi babbar asara ba. Har yau haka nake yi. Idan an ba da hutu nakan shiga trotro in sauka bakin ruwa da kayana a cikin tsohuwar jakar makaranta, kuma matata ta san bokitin da ke bayan ƙofa ba na wanki ba ne.

Wata magana da dattijon ya sha faɗa mini ita ce, idan ina son sanin halin masunci kada in saurari bakinsa, in duba kayansa. Wannan maganar ce ke dawo mini duk lokacin da aka ta da gardamar rufe teku a rediyo, domin tun 2018 muke jayayya kan wane wata za a rufe da wanda za a rufe wa, alhali kayan da ake mayarwa cikin ruwa ranar da aka buɗe ba su cika shiga maganar ba.

Wani zai ce mu 'yan Zongo ina ruwanmu, mu da ba mu da kwale-kwale ko ɗaya. To, a leƙa kwanonmu. Waakye ba ta cika sai da shito, shito kuma garin busasshen kifi ne da jatan lande. Miyar tuwo, miyar kuka ko ta ayoyo, da kifi ake ɗaure ta. Yaron da aka ba sidi kaɗan ya tafi makaranta, kenke da ɗan soyayyen kifi zai saya, ko 'yan ƙananan nan da ake kira 'yan makarantar Keta. Alƙaluman da hukumomi ke yawan ambata sun ce kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki na dabba da ɗan Ghana ke ci daga kifi yake fitowa. A Nima da Maamobi, inda naman sa ya zama na Juma'a ko na suna a gidaje da yawa, ina jin kason ya ma fi haka. Ni da nake tsaye gaban yara arba'in da wani abu kullum, ina ganin bambancin yaron da ya karya da abin kirki da wanda ya sha koko zalla. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya fuska ke nunawa.

Kifin da talaka ya dogara da shi, wanda muke kira herin, masana kuma ke ce masa sadinela, shi ne ya fi shiga uku. A 1996 an kamo sama da tan dubu 130 nasa a Ghana. A 2016 abin da aka samu bai kai tan dubu 30 ba. A tsakanin waɗannan shekaru kwale-kwale ba raguwa suka yi ba, ƙaruwa suka yi, yanzu sun haura dubu 12. Bakuna sun yi yawa, tuwo ya ragu. Shi ya sa a kasuwar Nima za ka ga kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga waje ya cika tebur, a ƙasar da ke da gaɓar teku ta fiye da kilomita 500.

Maganin da gwamnati ta fara kawowa shi ne hutun teku. Dalilinsa mai sauƙi ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙasan teku ya kawo abinci sama, herin ya matso kusa da gaɓa ya yi ƙwai. Idan aka bar shi ya zuba ƙwan kafin a kama shi, baɗi za a samu ƙari. Matsalar ita ce wannan lokacin shi ne kakar masunta, lokacin da suke biyan bashi su ajiye na makarantar yara. A 2018, zamanin minista Elizabeth Afoley Quaye, an sanar za a rufe a watan Agusta, masunta suka yi ca, aka janye. A 2019 aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da ya fi yi wa masunta sauƙi amma ba shi ne ganiyar ƙwai ba. A 2020 ba a yi ba. Daga 2021 zuwa 2024, a ƙarƙashin Mavis Hawa Koomson, aka tsaya kan watan Yuli ga kwale-kwale, Yuli da Agusta ga manyan jiragen ja, ana raba wa garuruwan masunta buhunan shinkafa da man girki. Wanda ya san yawan mutanen da ke cin abinci a bayan kwale-kwale guda, daga ma'aikata zuwa mata masu banda zuwa masu ɗauka a kai, ya san inda buhun shinkafa zai tsaya.

Sai aka zo zaɓen 2024, John Mahama ya yi wa masu kwale-kwale alkawarin cire su daga wannan hutu. Ya ci zaɓe, kuma a 2025 minista Emelia Arthur ta sanar cewa kwale-kwale za su ci gaba da fita, manyan jirage da matsakaita ne kawai za su tsaya. A bakin teku an yi murna. Masana kimiyya da ƙungiyoyin kare teku da dama kuwa sun nuna damuwa, suna cewa yawancin herin kwale-kwale ne ke kama shi, to ta yaya za a ce ana kare shi a bar mai kama shi yana aiki a lokacin ƙwai.

Na saurari ɓangarorin biyu, kuma kowa na da gaskiyarsa. Amma ni a ganina an ɗora wa wannan wata guda nauyin da ya fi ƙarfinsa. A ce an rufe Yuli, kifi ya yi ƙwai, ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ranar 1 ga Agusta aka koma ruwa da raga mai ido kamar gidan sauro, da fitila, aka kwashe 'ya'yan tun ba su kai tsawon yatsa ba. Me aka yi ke nan? Kamar mutum ne ya hana yanka kaza har ta gama kwanci, ranar da ta fito da 'yan tsaki ya soye su duka. Haka nan idan an bar teku a buɗe amma ragar da ke ciki mai barin ƙanana su wuce ce, ɓarnar ba za ta kai ta yanzu ba. Abin da ke cikin ruwa wata goma sha ɗaya ya fi abin da aka hana wata ɗaya tasiri, wannan lissafin ko 'yan aji huɗu za su yi shi.

Kuma ba a rasa doka ba. Ƙa'idojin kamun kifi na 2010, waɗanda aka fi sani da L.I. 1968, sun fayyace komai dalla-dalla. Ragar zobe ta kama ƙananan kifi irin su herin, idonta kada ya gaza milimita 25 idan an miƙe shi, wato kusan inci guda. Jakar ƙarshe ta ragar manyan jiragen ja kada ta gaza milimita 60. An hana kafa ragar roba mai zare ɗaya a cikin teku. An hana kamun kifi da fitila. An ma faɗi tsawon da kifi zai kai kafin a sauke shi, herin santimita 18. Tun kafin nan, dokar 2002 mai lamba 625 ta haramta nakiya da guba. Duk waɗannan suna rubuce shekara goma sha biyar ko fiye. Ka je bakin ruwa ranar Talata ka zauna kusa da masu gyara, ba sai ka tambayi kowa ba, idonka zai gaya maka nawa ne daga cikin ragunan da aka shimfiɗa za su tsallake wannan awo.

Bari in ɗan tsaya kan ragar roba, domin a nan ne mai fatsa irina ya fi fahimtar abin. Zarenta irin zaren da nake jefawa ne, guda ɗaya, garai-garai, kifi ba ya ganin sa a ruwa. Shi ya sa take kamu sosai, kuma ta fi ragar zare araha da sauƙin ɗauka. Ragar zare ta gargajiya, irin su ali da poli da watsa da masuntanmu suka saba da su, dukiya ce da ake riƙewa shekaru. Tana yagewa a ɗinke, a sake mata igiya, a ƙara dalma a ƙasa, a canja abin da ke sa ta yawo a sama, har ɗa ya gaji wani sashe nata daga ubansa. Ragar roba kuwa ba ta karɓar gyara sosai. Ƙullinta na zamewa, rana na busar da ita, bayan ɗan lokaci ta zama tarkace. Mai ita ba ya ɓata ranar Talatarsa a kanta, yakan yanke inda ya lalace ya watsar ya sayi sabo. Abin da aka watsar ɗin kuma ba ya ruɓewa. Yana nan a ƙasan ruwa ko a jikin dutse yana ci gaba da kama kifi da kaguwa da kunkuru, babu mai zuwa ɗauka, su mutu su ruɓe, warinsu ya jawo wasu. Sau da yawa ƙugiyata ta jawo mini irin wannan dunƙule, da ƙasusuwa a ciki. Ni kaina tun daga lokacin na daina jefar da guntun zaren da na yanke a bakin ruwa, a aljihu nake zuba shi har gida.

Fitila kuma wani abu ne daban. Ana ɗaukar janareta a kwale-kwale, a zura ƙwan lantarki mai ƙarfi cikin ruwa da dare, kifi ya taru a kansa babba da yaro, mai ƙwai da marar ƙwai, sai a zagaye su da raga. Da can masunta na da lokacin da wata ke hana su kamu, idan ya yi haske sosai kifi ba ya taruwa, sai a huta. Janareta ya share wannan hutun. Wasu ba su tsaya nan ba, sai sun haɗa da nakiya ko sinadari don kifin ya taso. Matan da ke banda sun fi kowa sanin irin wannan kifi, domin ba ya jure wuta, yana farfashewa a kan waya, kuma ba ya daɗewa. Wata Hajiya da nake sayen kifi wurinta a kasuwa ta taɓa ɗaga mini guda ta ce, Malam duba, wannan tun a ruwa ya mutu mutuwar banza. Ta mayar da shi gefe, ta ba ni wani.

Kada a ce na ɗora wa talaka laifi na bar mai ƙarfi. Masuncin da ya sayi ragar roba ba mahaukaci ba ne. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da ake ɗaura wa kwale-kwale da dala ake shigo da shi. Raga ma haka, dalma ma haka. Man firimis da gwamnati ke sa wa tallafi yakan yi wata bai zo ba, idan ya zo kuma rigimar karkatar da shi ba ta ƙarewa. Yawancin fita teku da bashi ake yin ta, sau da yawa daga hannun matan da za su sayi kifin. Mutum ya ƙona mai ya kwana a ruwa ya dawo da kwando biyu, gobe kuma maƙwabcinsa mai fitila ya dawo da kwale-kwale cike. Kwana nawa zai yi yana riƙe da gaskiya?

Sannan ga abin da ya fi ci musu rai. Shekaru da yawa suna kallon manyan jiragen ja, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, suna kwashe herin da sauran ƙananan kifi, su daskarar da su kamar allo, su sayar wa wasu kwale-kwale na musamman a tsakiyar teku. Wannan shi ne saiko, kuma Elmina ce ta yi suna a kansa. Ƙungiyar EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kusan tan dubu 100 ta wannan hanya, kuma ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin Sin ne. A watan Yulin 2019 wani jami'in sa ido da gwamnati ta ɗora a kan ɗaya daga cikin jiragen, Emmanuel Essien, ya ɓace a teku, har yau ba a gan shi ba. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba mu a Yunin 2021. Idan ka ce wa mai kwale-kwale ya faɗaɗa idon ragarsa, amsar da zai ba ka a shirye take: kifin da na bari ya wuce, wa zai kama shi gobe, ni ko jirgin can? Muddin ba a amsa masa wannan ba, duk wa'azin da za a yi masa iska ce.

A nan ne nake ganin sabuwar dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Agustan 2025, mai lamba 1146, ta taɓo inda ke ciwo. Ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 na teku zuwa mil 12, kusan kilomita 22 daga gaɓa, inda manyan jirage ba su da izinin shiga. Wannan babban abu ne, kuma masunta sun daɗe suna neman sa. Idan aka tsare wannan iyaka da gaske, gwamnati ta samu bakin da za ta ce wa mai kwale-kwale, to mun kore maka jirgi, mun kuma bar maka watan Yuli, saura kai ka kawo ragarka a auna. Ciniki ne da za a iya ƙullawa. Amma idan aka ba da Yuli, aka ba da mil 12 a takarda, ba a nemi komai a madadin ba saboda ana tsoron ƙuri'un bakin teku, to an ci bashin da 'ya'yanmu za su biya. Mun san yadda abin ke tafiya: a kama janareta yau, gobe wani babba ya buga waya a sake shi, ko wace jam'iyya ce ke mulki.

Abin da ya sa na fi yarda da awon raga a kan rufe teku shi ne, shi ana iya yin sa a tudu. Ba ya bukatar jirgin sojan ruwa ko man sintiri. Raga ba a ɓoye take zuwa ba, ta tashar Tema take shigowa a kwantena, a shaguna ake sayar da ita, a kan yashi ake shimfiɗa ta duk Talata a gaban kowa. Wanda ke son hana ragar roba ya fara daga mai shigo da ita, ba daga wanda ya ci bashi ya saya ba. Kuma kowane bakin ruwa na da sarkin masunta da dattawansa, waɗanda suka iya hana mutum dubu fita ranar Talata ba tare da ɗan sanda ko ɗaya ba. Waɗanda suka iya wannan za su iya hana fitila, idan sun tabbata garin da ke kusa da su ma an hana. An gina tashar masunta ta Jamestown da tallafin Sin na kusan dala miliyan 60, aka buɗe ta a Satumban 2024, bayan an rushe wa mutane da yawa matsuguni a 2020 don a samu filin. Gini ne mai kyau. Amma da za a ware ɗan kaɗan daga irin wannan kuɗi a karɓi ragar roba a ba da ta zare a kan rabin farashi, ina jin kifin da za a sauke a tashar zai fi yawa. Dakatar da shigar sababbin kwale-kwale na shekara uku da aka fara a Oktoban 2023 ma zai ƙare a 2026, kuma ya kamata a gaya mana abin da aka shirya bayan nan.

Mu Hausawa ma wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu, ko da yake mu na nan mun yi nisa da kogi. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana hana su a Matan Fada tsawon shekara sai ranar biki, kuma ranar ma da homa da gora ake shiga, Sarkin Ruwa na tsaye. Ba lokaci kaɗai suka kayyade ba, har da kayan aiki. Kakanninmu sun haɗa biyun tare, mu ne muka raba su.

Saura namu laifin, mu na tudu. Babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ba a nan take tsayawa ba. Tana gangarawa ta haɗu da Odaw, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ta buɗe baki a teku tsakanin Jamestown da Korle Gonno. Duk ledar piya wata da muka jefa, duk bolar da aka juye da dare idan hadari ya haɗu don ruwa ya tafi da ita, can take zuwa. Mukan tuna da wannan gota ne idan ta cika ta shigo mana ɗaki, ko idan an ambaci 3 ga Yunin 2015 da abin da ya faru a Circle. Masu jan raga daga bakin gaɓa kuwa kullum suna tare da ita. Na tsaya na ga mutum ashirin da wani abu sun yi awa uku suna jan igiya suna waƙa, jakar ta iso, aka zazzage, leda da robobi da tsumma sun fi kifin yawa nesa ba kusa ba. Bayan nan sai a zauna tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma nauyin sharar na yaga raga, ranar Talata ta zo aikin ɗinki ya ninka. Wani daga cikinsu da ya ji ina waya da Hausa ya ɗago wata leda ya nuna mini, ya ce, Alhaji, ga saƙonku ya iso. Dariya aka yi, ni ma na yi, amma ban ji daɗin komawa gida ba ranar. Ban ce sharar Nima ce kaɗai ba, rabin Ankara ne ke zuba wa Odaw. Sai dai tamu ce za mu iya hanawa.

Na biyu, mu ne kasuwa. Ƙaramin herin da bai isa kamu ba, wani ne ke sayen sa, kuma sau da yawa mu ne, domin shi ne mai araha, a cika maka leda da kuɗi kaɗan. Ba zan ce wa uwar da ke da 'ya'ya biyar da sidi ashirin a hannu ta bar shi ba, ban isa ba. Amma akwai masu sayen kwando-kwando, masu dafa waakye na sayarwa, masu yin shito a kwalba suna aikawa har ƙasashen waje, masu abincin biki. Su suna da bakin da za su ce wa mai kawo musu kaya wannan ya yi ƙanƙanta. A lura, 'yan makarantar Keta ba sa cikin wannan magana, su haka Allah ya yi su, ba sa girma. Ana maganar 'ya'yan herin ne da ake cakuɗa su da su a sayar da suna ɗaya.

A zangon karatun da ya wuce, da muka zo darasin awo, na sayi herin na banda a kasuwa, na tsinto manya da ƙanana, na kai aji a cikin takarda. Na ce kowa ya fito da rular da ke cikin akwatin lissafinsa, ita santimita 15 ce. Na rubuta 18 a allo, na ce wannan shi ne abin da doka ta ce. Na gaya musu kifi na ɗan tsukewa a wuta, don haka duk wanda ya kai tsawon rular mu bar shi ya wuce. Suka yi layi suna aunawa, aji ya cika da wari da surutu, har malamar ajin kusa ta leƙo ta ga ko lafiya. Cikin goma sha biyu da na kawo, huɗu ne suka kai. Wata yarinya da mahaifiyarta ke sayar da kifi ta ɗaga hannu ta ce, Ticha, to su sauran takwas ɗin wa za a kama, mamana ko mai ragar? Na ce ta rubuta tambayar a bayan littafinta, za mu kai ta Chorkor ranar wata Talata idan shugaban makaranta ya ba mu mota.